KOWA DA RUMFARSA: Jan Hankali Ga Sababbin Marubutanmu Na Kilomita Biyar

Wani abin farin ciki da muke gani a 'yan shekarun nan shi ne yadda samarinmu da 'yan matanmu na Kilomita Biyar da kewaye suka tashi haiƙan suna son rubutu. Wasu da Hausa suke yi, wasu da Faransanci, wasu kuma su gwama duka biyun har su ɗan yayyafa Sango a ciki. Wannan abin a yaba ne ƙwarai, domin kuwa al'ummar da ba ta rubuta labarinta da hannunta ba, to wani zai rubuta mata, kuma ba lalle ne ya rubuta yadda abin yake ba.

Amma fa akwai wata cuta guda da ta kama yawancin rubuce-rubucen da ke zuwa hannunmu daga sababbin shiga. A takarda mai shafi biyu kacal, sai ka ga yaro ya fara da yaƙin Gabas ta Tsakiya, ya tsallaka zuwa ƙwallon Turai, ya dawo kan tarbiyyar 'yan mata, sa'an nan ya rufe da kukan tsadar rayuwa. Kafin ka kai ƙarshe ka manta farko. Wata mai zuwa ya kawo wani kwashe-kwashen, wata na uku kuwa sai ka ji shi tsit, wai abin faɗa ya ƙare masa. Alhali ba ƙarewa ya yi ba, tun farko ne bai tsai da wurin zama ba. Hausawa sun ce taura biyu ba ta taunuwa, balle a ce goma.

Saboda haka a wannan wata muka ga ya dace mu zauna da ƙannenmu da 'ya'yanmu masu sha'awar alƙalami, mu tattauna a kan tambaya ɗaya: a kan me zan riƙa rubutu, kuma wa nake rubuta wa?

DARASI DAGA CIKIN KASUWA

Ba sai mun je nesa neman misali ba. Duk wanda ya taso a nan ya san yadda kasuwarmu take. Mai atamfa yana layinsa, mai kayan gyaran mota yana nasa, mahauta suna nasu, masu albasa da hatsi suna nasu. Idan uwar gida ta aiki yaro sayen zaren ɗinki ba ta ce masa ya je kasuwa kawai, sai ta ce je wurin wane. Me ya sa? Domin wane ya shekara goma yana zaune wuri ɗaya da haja ɗaya, ya san mai kyau ya san jabu, kuma in ya cuce ka yau, gobe ka san inda za ka same shi. Wannan zama wuri ɗaya shi ne jarinsa na gaskiya, ya fi kayan da ke kan kanta.

Shi kuwa wanda yau yana tallar tocila, gobe maganin ɓera, jibi takalmin roba, zai iya samun na tuwo, amma ba wanda zai aiko yaro wurinsa, don ba a san shi da komai ba.

Haka iyayenmu suka zauna a ƙasashen mutane tun fil azal. Fataken da suka riƙa bin hanyar Gwanja, goro suka riƙe. Hausawan unguwar Sabo ta Badun, a ƙasar Yarabawa, 'yan tsiraru ne a cikin babban birni, amma sun kama cinikin shanu da na goro suka riƙe gam, har wani Bature masani, Abner Cohen, ya rubuta littafi guda a kansu a 1969. Abin da ya gano ba wani sirri ba ne a wurinmu: mai gida da dillali, amana ce ke riƙe da su, shi ya sa ake ba da shanu bashi a kan kalmar baki. Mutanen da ba su da yawa a gari ba sa cin kasuwa da faɗi, sai da zurfi. To, rubutu ma ciniki ne. Hajarka ita ce abin da ka sani, abokin cinikinka shi ne mai karatu, kuɗin da yake biya kuwa lokacinsa ne da yardarsa.

YADDA MAGABATA SUKA YI

Idan muka waiwayi makaɗa da mawaƙan ƙasar Hausa, za mu tarar tun asali kowa da jama'arsa. Mahauta da kalangu aka san su, manoma da gangar noma, sarakuna da tambari da kotso da taushi. Ibrahim Narambaɗa fada ya riƙe. Ɗan Anace 'yan dambe ya riƙe, shi ya sa har gobe ba a ambaton Shago ba a tuna da shi ba. Kassu Zurmi na 'yan tauri ne da mafarauta. Barmani Coge ta ɗauki ƙwarya ta shiga cikin mata da amada, ta yi ta faɗa musu maganar sana'a da zaman gida har ta rasu a 2013. Ɗan Maraya Jos kuwa, wanda ya rasu a 2015, ɗan kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya ya ɗauka, ya duba waɗanda ba mai yi musu waƙa, irin su karen mota, ya ce su ne nasa. Da ya ce sai ya yi gasa da makaɗan fada a ƙofar sarki, da wataƙila yau ba mu san sunansa ba.

Wani zai ce to ai Mamman Shata ba abin da bai waƙe ba, sarki da direba da ɗan kasuwa da tsuntsu. Gaskiya ne. Amma Shata ɗaya ne, kuma shi ma da ka ji kalangu da buɗe bakinsa ka san shi ne, ba ka haɗa shi da kowa. Wanda bai riga ya iya rarrafe ba, kada ya auna kansa da mai sukuwa.

A fagen alƙalami ma haka abin yake. Ga Alhaji Umaru, wanda aka fi sani da na Salaga ko na Karaci, ɗan'uwanmu ne a zaman baƙunta. An haife shi a Kano wajen 1858, ya bi hanyar fatauci har ya zauna a Salaga, daga baya ya koma Kete-Karaci a ƙasar Gana ta yau, inda ya rasu a 1934. Abin da ya fara rubutawa yana saurayi ba wani babban littafin tauhidi ba ne, ɗan littafi ne na koyar da yadda ake rubuta wasiƙa. Ya duba ya ga jama'arsa matafiya ne, masu aika saƙo daga zango zuwa zango, sai ya ba su abin da suke bukata. Daga nan ne ya faɗaɗa, ya yi waƙoƙi a kan zuwan Nasara, ya kuma rubuta bayanin sana'o'i da al'adun ƙasar Hausa, waɗanda masana ke amfani da su har yanzu.

Ga kuma Hajiya Balaraba Ramat Yakubu ta Kano. An yi mata aure tana ƙarama, karatunta na boko bai yi nisa ba a lokacin. Da ta ɗauki alƙalami ba ta bar abin da ta sani ba: auren dole, zaman kishi, da ilimin 'ya mace. Littafinta Alhaki Kuykuyo Ne ya fito a 1990, a 2012 kuma aka buga fassararsa ta Ingilishi a ƙasar Indiya. Labarin tsakar gida ne na Kano, amma ya tsallaka teku. Ashe ƙanƙantar fage ba ta hana nisan zango.

ABIN DA DUNIYA TA RIGA TA RUBUTA A KANMU

Yanzu bari mu dawo gida. Sunan unguwarmu ya zaga duniya, amma da wane irin labari? Seleka ta shiga Bangi ranar 24 ga Maris 2013. Ranar 5 ga Disamba na wannan shekara 'yan anti-balaka suka kawo hari, abin da ya biyo baya kuwa ba sai mun tuna wa kowa ba. Musulmin Bangi da suka haura dubu ɗari kafin rikici, rahotanni sun nuna waɗanda suka rage a Kilomita Biyar a wancan lokaci ba su wuce kimanin dubu 15 ba. Sauran sun watsu Cadi da Kamaru, wasu jirage suka kwashe su zuwa Nijeriya da Nijar da Mali da Senegal. Ranar 30 ga Nuwamba 2015 Fafaroma Faransis ya zo Babban Masallacinmu na Kuduku, 'yan jaridar duniya suka cika unguwa, da yamma ta yi suka kwashe kayansu. Tun daga nan, in ka ji sunan PK5 a gidan rediyon waje, to akasari harbi aka yi.

Labarin duniya kuwa muna da masu kawo mana shi da Hausa, BBC tun 1957, ga Muryar Jamus, ga RFI. Labarin ƙasa akwai gidajen rediyo irin su Ndeke Luka, da ke aiki tun shekarar 2000 da Faransanci da Sango. To, ɗan'uwa, in ka zauna a Kokoro ko Yakite kana sharhi a kan zaɓen Amurka, da wa kake gasa? Da mutanen da ke da wakili a can. Abin da ka ji a bakinsu da safe shi za ka maimaita da yamma, ya riga ya huce. Amma akwai abin da duk wakilansu ba su da shi, kai kana da shi: kana kwana a nan, kana tashi a nan, kana jin Hausa da Sango, wataƙila da Fillanci ko Larabcin Cadi, kuma in ka yi sallama a zaure za a ce shigo, don an san mahaifinka. Da ɗan gari akan ci gari, kuma waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi.

RUMFUNAN DA BABU KOWA A CIKI

Bari mu lasafta kaɗan daga cikin wuraren da muke gani a buɗe, ba mai zama.

Na farko, hanya da farashi. Ƙasarmu ba ta da teku. Mafi yawan abin da ke kan kantunanmu ta hanyar Duwala yake zuwa, tafiyar kilomita 1,400 da ɗoriya, ya ƙetare iyaka a Garwa-Bulai da Beloko, ya biyo ta Buwar da Yaloke da Bowali kafin ya iso mu. Ga kuma kogin Ubangi, wanda manyan jiragen kaya ke bi in ruwa ya cika, in rani ya yi ruwa ya janye sai su tsaya. Ma'ana, kuɗin sukari da siminti da man girki a kasuwarmu, a kan hanya ake yanke shi kafin a sauke kaya. Mun gani da idonmu daga Disamba 2020 zuwa farkon 2021, lokacin da 'yan tawaye suka toshe hanya, manyan motoci fiye da dubu suka yi cirko-cirko a iyakar Kamaru, farashi ya yi tashin gwauron zabo. Dattawa kuma suna tuna Janairu 1994, da aka karya darajar sefa da rabi a dare ɗaya. To, ina yaron da zai ɗauki ɗan littafi, kowane mako a rana ɗaya, ya zaga wurin 'yan kasuwa uku ko huɗu, ya rubuta kuɗin kaya goma da ma'auni ɗaya, sa'an nan ya je tasha ya tambayi direbobi yadda hanya take? Wata ɗaya abin ba zai zama komai ba. Amma in ya shekara biyu yana yi, zai riƙe abin da babu mai shi a duk unguwar. Uwar gida za ta neme shi, ɗan kasuwa zai neme shi, ɗan'uwanmu da ke Njamena yana tunanin dawowa shi ma zai neme shi.

Na biyu, takardu. Gidaje nawa ne takardunsu suka ƙone ko suka ɓace a gudun 2013 da 2014? Yara nawa aka haifa a sansani ba su da takardar haihuwa? Mutane nawa ne kakanninsu a nan aka binne su, amma in sun je neman katin ɗan ƙasa sai sunan da suke ɗauke da shi ya sa a yi musu tambayoyin da ba a yi wa wasu? Yawancin iyayenmu ba sa karanta Faransanci, dokoki kuwa da shi aka rubuta su. Ɗalibin da ya karanta shari'a a Jami'ar Bangi, in ya zauna ya bayyana da Hausa mai sauƙi mene ne takardar kotu da ake kira jugement supplétif, wadda ke maye gurbin takardar haihuwa, wane ofis ake fara zuwa, me ake riƙewa a hannu, nawa doka ta ce a biya, wallahi ya yi wa jama'a aikin da ya fi sharhi ɗari a kan siyasa. Daga takardar haihuwa sai ya shiga ta fili da gida, da yadda wanda ya dawo ya tarar da wani a gidansa zai bi haƙƙinsa ba tare da faɗa ba. Wannan rumfa ba za ta rasa masu ciniki ba.

Na uku, tarihinmu. Faransawa sun kafa Bangi a 1889, amma kafin nan fatake daga Adamawa, ta hanyar Ngawundare, sun riga sun san ƙasar Gbaya. Fulanin Mbororo kuma suka shigo da shanunsu ta wajen Buwar a shekarun 1920. Sunayen unguwanninmu kansu tarihi ne: Senegale, Kamerune, Mamadu-Mbaiki. Wa ya fara zama a kowace? Wane malami ya buɗe makarantar allo ta farko? Yaya aka yi cinikin lu'ulu'u ya kai iyayenmu Karno da Berberati da Boda da Biriya? Waɗanda suka san amsa tsofaffi ne, rikici ya warwatsa su, wasu ƙasa ta rufe su a can inda suka yi gudun hijira, da duk abin da ke cikin kansu. Wannan ba maganar nishaɗi ba ce. Duk ranar da wani ya ce mana baƙi, amsar da ta fi ƙarfi ita ce suna da shekara da wurin kabari. Ku tuna Baba ta Karo, tsohuwa ce da ba ta yi boko ba, ta zauna ta ba wata Baturiya, Mary Smith, labarin rayuwarta, aka buga shi a 1954, yau ana karanta shi a jami'o'in duniya. Irin Baba nawa ne ke zaune a tsakar gidajenmu, jikokinsu na wucewa ba sa tambaya?

Na huɗu, sha'anin mata. Adashi, wanda maƙwabtanmu ke kira kelemba, shi ya tayar da jarin gidaje da yawa bayan wuta ta cinye shaguna. Zawarawa da matan da mazansu suka rasu suna riƙe da marayu da kaskon ƙosai da waina. Yaya suke yi? Wace dabara ce ke ci, wacce ke karya jari? Namiji ba zai shiga ya jiyo wannan ba. 'Yan'uwanmu mata, wannan rumfa taku ce, kada ku bari a gaje muku ita.

Na biyar, harshen kansa. 'Ya'yanmu da Faransanci suka yi makaranta, shi ya sa in za su rubuta Hausa sai su sa "tchiniki" maimakon ciniki, "koudi" maimakon kuɗi, ba su san ƙ da ɗ da ɓ ba. Iyaye kuwa da ajami suka saba. Wanda ya iya ƙa'idar rubutun Hausa, in ya riƙa ba da ɗan darasi kowane wata, yana kuma tattara kalmomin da Hausarmu ta nan ta aro daga Sango da Faransanci, zai yi mana gadar da za ta haɗa kaka da jika, ta kuma haɗa mu da Kano da Damagaram.

Ba su ke nan ba. Akwai shanu da mahauta, akwai 'yan taksi-moto, akwai ƙwallon unguwa, akwai makarantun allo. Mun dai buɗe ƙofa ne kawai.

YAYA ZA KA GANE TAKA?

Ga tambayoyi uku da muke so kowane sabon marubuci ya yi wa kansa kafin ya ɓata takarda.

Ta ɗaya: mene ne na sani da idona, ba da kunnena ba? Gani ya kori ji. Ɗan mahauci ya riga ya san abin da ɗan jarida zai shekara bai gane ba game da nama. Yaron mota ya san kowane shinge tsakanin Beloko da PK12. Sau da yawa abin da ka raina don ka saba da shi, shi ne dukiyarka.

Ta biyu: wa zai amfana? Kada ka ce jama'a, jama'a ba ta da fuska. Ka sa mutum ɗaya a ranka, ko gwaggonka mai sayar da albasa, ko kawunka direba, ko abokinka da ke Garwa-Bulai. In ka gama rubutu ka karanta masa da baki. In ya ce "to, sai me?", koma ka sake. In kuwa ya ce "ashe!", ko ya ce "bari in gaya wa wane", to ka kama hanya.

Ta uku: zan iya jurewa? Ga gwaji mai sauƙi. Ɗauki takarda ka jera kanun magana goma sha biyu a kan fagen da ka zaɓa, ɗaya don kowane wata na shekara. In ka tsaya a na huɗu, to ko dai fagen ya yi ƙunci, ko kuwa ba ka san shi yadda kake zato ba. In kuma ba za ka iya faɗin abin da kake rubutu a kai da numfashi ɗaya ba, to ya yi faɗi, sai ka rage. "Ina rubutu a kan matsalolin al'umma" ba rumfa ba ce, fili ne. "Ina rubutu a kan abin da ke sa kaya tsada tsakanin Duwala da Kilomita Biyar", wannan rumfa ce mai ƙofa.

Daɗin daɗawa, kada sha'awar rubutu ta sa ka saki sana'arka. A ƙasar nan alƙalami bai cika ciyar da mai shi ba, kuma sana'ar ita ce rijiyar da kake ɗiban labari. Ranar da ka bar kasuwa, ranar ka fara zama baƙo a cikin abin da kake rubutawa.

HATTARA DAI

Akwai dalilin da ya sa wannan magana ta fi nauyi a wurinmu fiye da wasu wurare. Mun san abin da labari ke iya yi. Ranar 26 ga Satumba 2015 aka tsinci gawar wani saurayi ɗan taksi-moto, kafin a tantance wa ya yi, me ya faru, gari ya kama da wuta, cikin 'yan kwanaki aka rasa rayuka da dama, dubbai suka bar gidajensu. Magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa. Yau da kowa ke riƙe da waya a hannu, jita-jita kan zaga unguwa kafin a idar da salla. Marubucin da ke tsoma baki a komai, dole wata rana ya faɗi abin da bai tabbatar ba, don ba mai iya sanin komai. Shi kuwa mai fage ɗaya ya san wa zai tambaya, ya san mai gaskiya da mai ƙari, kuma in abu ya wuce saninsa ba ya jin kunyar yin shiru. Tsayawa wuri ɗaya kariya ce gare ka, kariya ce kuma ga unguwa.

Sa'an nan ka kiyaye amanar waɗanda suka buɗe maka ciki. Ba mu manta da Disamba 2019 ba, lokacin da 'yan kasuwa suka ƙi ci gaba da biyan harajin 'yan bindigar da ke kiran kansu masu tsaron unguwa, aka yi faɗan da ya ci rayuka fiye da 30, shaguna suka ƙone. A wurin da aka taɓa ganin haka, ba a buga sunan mutum tare da yawan jarinsa, ko ranar da motarsa za ta taso. Rubuta farashi, bar sunan mai kaya. Tsoho in ya ce wannan kada ka rubuta, to ajiye alƙalami. Haka kuma mai rubutu a kan kasuwa, ranar da ya karɓi ɗan goro don ya yabi hajar wani, ranar ya rufe rumfarsa da hannunsa.

Kada kuma a ɗauka zaɓen fage yana nufin mu rufe ƙofa mu yi ta magana da junanmu kaɗai. Kasuwar nan ta dukan Bangi ce, Kirista da Musulmi kowa na ci a cikinta. Yarjejeniyar da aka yi a 2016 tsakanin mutanen Kilomita Biyar da na Boyin, wadda ta sake buɗe mana hanyar maƙabarta, da zama da maƙwabta aka same ta. Labarin farashin rogo ko na takardar fili, in an rubuta shi da gaskiya, in aka juya shi zuwa Faransanci a ɗaya ɓangaren jarida, mutumin Fatima ko Miskin zai karanta ya ga ashe damuwarmu ɗaya.

SANNU BA TA HANA ZUWA

Wasu na tsoron in sun kama abu ɗaya sun ɗaure kansu ke nan har abada. Ko kusa. Mai tebur shi ke zama mai shago, mai shago shi ke zama mai sito. Wanda ya fara da farashin albasa, bayan shekara biyu zai tarar ya san hanya, ya san duwan, ya san sha'anin sefa, a lokacin in ya yi magana a kan tattalin arzikin ƙasa za a saurare shi, don an san inda ya faro. Abin da ba ya yiwuwa shi ne a fara gini daga rufi.

Kuma kada ƙarancin masu karatu ya karya maka gwiwa. Mu ba mu da yawa a ƙasar nan, ba kuma dukanmu ke karatu ba. Amma takarda ɗaya a zaurenmu mutum goma ke jin ta, ɗaya na karantawa tara na saurare. Mutum hamsin da ke jiran rubutunka kowane wata sun fi dubu da suka gani suka wuce.

Saboda haka, ƙannenmu maza da mata, kowa ya duba gabansa ya ga abin da Allah Ya ajiye masa kusa da ƙafarsa. Ya share wuri, ya kafa rumfa, ya zauna a ciki da haƙuri, rana da damina. Iyaye kuma, in yaro ya zo da littafi yana tambaya, a taimaka a ba shi amsa, don ba a san wanda zai riƙe mana tarihi gobe ba. Allah Ya yi wa alƙalumanmu albarka, Ya tsare harsunanmu daga abin da zai raba jama'a, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Amin.